Abin Goga Citta da Tafarnuwa: Amsoshin Tambayoyinku

Daga wata amarya, Tudun Wada, Zariya: Assalamu alaikum Anti. Ana haɗa mini kayan kicin, sai na ga wata mai sayar da kaya a WhatsApp tana tallar wani ɗan faranti mai ƙananan haƙora a tsakiya, wai ana goga citta da tafarnuwa a kai su yi laushi kamar an markaɗa. Tana kuma da abin matse tafarnuwa na ƙarfe, da wani ɗan kwano mai igiya da ake ja. Kuɗin da ya rage mini na abu ɗaya ne. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ki ɗauki farantin, amma na tangaran, ba na roba ba.

Dalilina yana cikin cittar kanta. Ki karya ɗanyar citta ki duba, za ki ga zaruruwa sun ratsa ta. Zaren nan shi ne ke wahalar da kowane irin magogi. Haƙoran farantin ba yanka suke yi ba, murza suke yi, saboda haka naman cittar da ruwanta su taru a gefe, zaren kuma ya tsaya a hannunki ki yar. Ba kya asarar ruwan, wanda a cikinsa yaji da ƙamshin suke. Ga shi ba ya tsatsa, ba ya riƙe wari, kuma ba ya yanke yatsa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, don tafarnuwarmu ta gida 'ya'yanta ƙanana ne, ba kamar manyan nan farare da ake shigowa da su daga Chana ba. Duk wadda ta taɓa goga ƙaramar tafarnuwa a gireta mai kaifi ta san yadda farce ke bin ta.

Abin matsewar kuwa aikinsa ɗaya ne tak, tafarnuwa. Idan kika sa masa citta, zaren zai toshe ramukan, in mai araha ne ma hannun ya lanƙwashe. Wanke shi kuma sai da tsinken sakace. Mai igiyar yana da amfaninsa, sai dai ba wannan ba: gwanin jajjagen attaruhu da albasa ne ranar da babu wuta. Ki zuba masa tafarnuwa uku, wuƙar za ta yi ta juyawa a banza suna manne a bango. Ki bar shi sai Allah ya hore wani kuɗin.

Abin da nake roƙonki shi ne kada ki saya a hoto. Ki shiga kasuwar Sabon Gari, wajen masu kayan kicin, ki riƙe shi a hannu. Ki shafa babban yatsanki a kan haƙoran. In kika ji santsi, to fentin ƙyallin da aka shafa masa ya cike su, cittar za ta riƙa zamewa ne kawai. Ya kamata ki ji kaushi sosai. Ki juya bayansa ki ga ko akwai zoben roba da ke hana shi gudu a kan tebur, ki ƙwanƙwasa shi da farce ki ji ko ya tsage. Ki ma jefa ɗan yatsan citta a jaka, ki nemi izinin mai shago ki gwada. Mai kaya mai kyau ba ya tsoron gwaji.

Daga wata uwa, cikin Birni, kusa da Ƙofar Doka: Tun da 'ya'yana suka kawo wannan magogi gidan nan, tafarnuwa take hawa kan miya har ta yi ɗaci. Da turmi ba mu san haka ba. Ni dai na ce a mayar da shi akwati.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, harshenki bai yi miki ƙarya ba. Ƙarfin tafarnuwa ba ya fitowa sai an fasa ta. Akwai wasu sinadarai biyu da ke zaune a rabe a cikinta, sai an daka ko an goga suke haɗuwa su haifar da wanda masana ke kira alisin, shi ne mai warin nan da zafi a harshe. Iya laushinta, iya ƙarfinta. Turmi yana barin ɗan gari-gari, magogi kuwa yana mayar da ita kamar kwaɓi, shi ya sa ɗaya da aka goga take iya yin aikin biyu da aka daka. Ɗacin kuma daga ƙonewa yake zuwa, domin gogaggiyar tafarnuwa ba ta jure mai mai zafi ko kaɗan. Ki ce wa yaran su rage yawanta, kuma kada ta riga albasa shiga tukunya. Sai albasar ta yi laushi, a sassauta wuta, sannan a zuba, a juya, a bi ta da kayan miya nan take.

Turmin kuma kada a kuskura a ajiye shi. Busasshiyar citta, kanumfari, masoro, kimba, duk abin da za a haɗa yajin jego ko na tsire, na turmi ne. Wadda ta ɗora busasshiyar citta a kan farantin tangaran za ta ɓarke masa haƙora ne kawai. Inda magogin ya fi shi shi ne shayin safe da lemun citta, don turmin katako yana shan warin tafarnuwa da daddawa, ya kuma mayar da shi cikin duk abin da aka daka daga baya. Kowanne da ranarsa, Hajiya, ki bar musu shi a waje.

Daga mai sana'ar zoɓo da kunun aya, Samaru: Citta ta yi tsada, Anti. Wane magogi ne zai fi fitar mini da ruwa?

Tsadar tana da tushe, 'yar'uwa. Mafi yawan cittar da muke saye daga kudancin jihar nan ta Kaduna take zuwa, Kachia da Jaba da Kagarko, kuma a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin ta ruɓar da amfanin da yawa. Farantin nan ba naki ba ne, ya yi miki ƙanƙanta, hannunki zai gaji kafin ki gama mudu. In akwai wuta, bilenda da ɗan ruwa, bayan kin yanka cittar ƙanana a gicciye don zaren ya guntule. In babu, babbar gireta ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ɓangaren ƙananan ramuka. Ki guji irin wadda ake yi da gwangwani a huda da ƙusa, tana tsatsa, kuma abin sha kike sayar wa mutane. Ki kankare bawon da bakin cokali maimakon wuƙa, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki sake jiƙa dusar a ruwan zafi ki tace karo na biyu.

Daga wata ma'aikaciya, Kongo: Ba ni da lokacin goge-goge kullum. Zan iya goga tafarnuwa da citta da yawa, in zuba man gyaɗa in rufe a kwalba, in ajiye a kanta?

Don Allah kada ki yi. Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a makon nan, domin na san mata da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya. Tafarnuwa daga ƙasa ake tono ta, kuma takan ɗauko irin wata ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska. Mai yana rufe ta ya hana iska shiga, zafin kicin ɗinmu kuma ya ba ta damar hayayyafa, ta fitar da guba mai kashe jijiya, mai jawo cutar da likitoci ke kira botulizim. Abin tsoron shi ne kwalbar ba lallai ta canza wari ko launi ba, sai ki ci kina ganin lafiya lau take.

In kina da firji mai samun wuta tsayayya, ki goga na kwana uku ko huɗu kawai. In kina da firiza, ki zuba a farantin ƙanƙara, cokali ɗaya a kowane rami, ki riƙa ciro ɗaya-ɗaya kai tsaye zuwa tukunya. Ɗanyar citta ma ana iya daskarar da ita gaba ɗaya, kuma a daskare ta fi daɗin gogawa. Idan kuwa wutar unguwarku ta zo-ta-tafi ce, ki bar tafarnuwarki da rigarta a kwando inda iska ke ratsawa, za ta yi makonni ba ta lalace ba. Da daddare ki ɓare ta gobe ki rufe a ɗan kofi, da safe kafin ruwan shayi ya tafasa kin goga, kin ɗauraye farantin tun bai bushe ba.