Lissafi Na Ƙwace Min A Shago, Ko Ciwo Ne?

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ina da ɗan shago a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Idan mutum uku suka taru a kaina, wannan na son sukari, wancan na jiran canji, ga waya na ƙara, wallahi sai lissafi ya ƙwace min gaba ɗaya, jiya har canji na ba wani yaro sau biyu. Dan Allah ƙwaƙwalwata ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki, kowa haka yake. Abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. A 1956 wani masani ɗan Amurka, George Miller, ya ce wajen abu bakwai ne, daga baya a 2001 wani masanin kuma, Nelson Cowan, ya ce wajen huɗu ne ma kawai. Shi ya sa lambar waya mai lamba 11 muke karanta ta gutsure-gutsure, ai kin lura. Kuma ƙwaƙwalwa ba ta lissafi biyu tare, tsalle take daga wannan zuwa wancan, a wajen tsallen nan ne canjinki ke zubewa, balle in ga yunwa ga rashin barci.

Ki sallami mutum ɗaya kafin na gaba, wayar ta jira, bashi kuma ki rubuta a littafi nan take. Amma in kin fara manta hanyar gida ko sunan 'ya'yanki, to kar ki tsaya, ki ga likita.