Tambaya da Amsa: Hutu a gaɓar teku a Zanzibar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin zuwa hutu Zanzibar a watan Afrilu, kuma muna son ƙaramar gaɓa marar hayaniya inda za mu huta, mu yi iyo, mu kuma kalli kifaye a ƙarƙashin ruwa. Na iya iyo daidai gwargwado domin a bakin kogi na tashi, amma ita ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Wace gaɓa ce ta dace da mu, kuma me ya kamata mu kiyaye? Daga wani mai karatu a Yawuri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawara ta farko ita ce ku sake duba watan tafiyar, domin Afrilu tsakiyar babbar daminar Zanzibar ne, wadda take farawa a Maris ta kai ƙarshen Mayu, kuma a lokacin ruwan sama yana yawan dagula teku har gani ya ragu. Daga Yuni zuwa Oktoba an fi samun rani da sanyin iska, haka kuma Janairu da Fabrairu suna da kyau ga wanda zafi bai dame shi ba.

Game da gaɓa, ra'ayina shi ne ku sauka a Matemwe, ƙauyen masunta da ke arewa maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Kendwa da Nungwi, can ƙuryar arewa, sun fi shahara saboda ana iya iyo a cikinsu kusan kowane lokaci, sai dai cunkoson baƙi da kaɗe-kaɗen dare ba za su ba ku natsuwar da kuke nema ba.

Amma akwai abin da hotunan otal ba sa nunawa. A gabashin tsibirin teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma idan ya janye yakan ja baya ɗaruruwan mitoci, ya bar rairayi da duwatsu da ƙananan kududdufai, inda za ka ga mata suna kula da ciyawar teku da suke nomawa a jikin igiyoyi da turaku. Wanda ya fito da shirin iyo a wannan lokaci zai yi ta tafiya ne ruwa bai wuce idon sawunsa ba. Lokacin cikowar yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana, saboda haka ku nemi jadawalinsa a masaukinku tun ranar da kuka sauka, ku tsara wuninku a kansa. Lissafin watan Musulunci ma zai taimake ku, domin cikowa da janyewa sun fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata. Idan za ku taka cikin ruwa bayan ya janye, ku sa takalman roba, saboda wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙale a tsakanin duwatsu, wadda ƙayarta take karyewa a cikin tafin ƙafa.

Kallon kifayen kuwa, ana yin sa ne a kewayen ɗan tsibirin Mnemba da ke daura da Matemwe, kuma da kwalekwale mai inji ake zuwa. Ba a yarda masu zuwa kallon kifi su taka tsibirin kansa ba, a ruwan da ke gefensa ake tsayawa. Kayan aikin su ne gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun da ake kamawa da baki ana numfashi alhali fuska tana cikin ruwa. Kafin ka karɓi gilashin, ka manna shi a fuskarka ba tare da ɗaura igiyarsa ba, ka ja numfashi kaɗan ta hanci; idan ya tsaya da kansa ya dace da kai, idan ya faɗo ka nemi wani. Mai gashin baki yakan sha fama da yoyon ruwa, don haka rage shi kafin tafiya yana da amfani. Idan ruwa ya shiga bututun, hurawa ɗaya da ƙarfi takan fitar da shi. Kada ku tsaya a kan murjani, wato abin nan mai kama da dutse da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, ko ku taɓa shi, domin halitta ce mai rai wadda take girma a hankali ƙwarai, ga shi kuma yankansa yana saurin rurucewa.

Batun uwargida shi ne ya fi muhimmanci. Kada ranarta ta farko ta kasance a Mnemba, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ta fara sabawa da numfashi ta bututun a gaban masauki, a ruwan da bai wuce ƙugu ba, sannan idan za ku fita ta sa rigar hana nitsewa wadda ta kama jikinta sosai, kuma ku yi sharaɗi da mai kwalekwalen cewa jagora zai shiga ruwa tare da ita riƙe da tayar ceto. Zani da dogon hijabi idan sun jiƙe suna yin nauyi suna naɗe ƙafafu, saboda haka ta tanadi kayan iyo masu rufe jiki duka, waɗanda kuma za su kare ta daga ƙunar rana. Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, babu wanda zai yi mamakin wannan shigar.

Kai ma, Malam, ka sa rigar. Ruwan gishiri yana ɗaga mutum fiye da na kogi, wannan kan sa baƙo ya saki jiki, alhali a mashigar da ke tsakanin Matemwe da Mnemba igiyar ruwa tana iya nisanta shi da kwalekwale yana can hankalinsa na kan kifi. Ka riƙa ɗago kai a kai a kai kana duba inda kwalekwalenku yake, kuma ku fita da sassafe kafin iska ta taso da sauran kwalekwale su cika wurin.