Rubutun bayan agogona ya dushe, in bari a goge shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tara tsofaffin agogunan hannu. Na sayi wani agogon Omega, irin wanda ake wanawa da hannu, a wurin dillali, a bayansa an zana haruffa biyu da "Katsina N.A." (wato En'en Katsina, hukumar gargajiya ta da), shekarar ba ta karantuwa. Wani mai gyara ya ce zai goge murfin da inji, ya sake fentin fuskar, rubutun zai fito. Ina tsoron sunan ya ɓace kafin in gano mai shi. Daga Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, in agogon yana hannunsa, je ka karɓo shi yau.

Kullum sai an kawo mini irin wannan ɓarnar, abin har ya ishe ni. Guga ba ta fito da rubutu, cinye shi take yi. Zanen bai da zurfi, injin kuwa ƙarfen yake zaftarewa, ya tafi da ruwan zinaren da haruffan gaba ɗaya. Sai a miƙo maka abu yana ƙyalli, babu suna, babu daraja, kuma ba mai iya maido shi.

Maganar fentin ta fi tayar mini da hankali. Agogunan da aka ƙera kafin shekarun 1960, yawanci radiyam ne, wani sinadari mai guba, a lambobinsu da hannuwansu masu haske da dare. Hasken ya mutu, amma gubar tana nan, sai bayan shekara 1,600 ƙarfinta yake raguwa da rabi. Ita ce ta kashe matan da ke fentin agogo a Amurka a shekarun 1920. Mutum ya zauna a rumfa yana kankarewa da reza, yana hurewa da baki, yaransa na shaƙa, wai shi gwani! Wa ya koya masa?

Rubutun kuwa, haska shi da tocila daga gefe cikin duhu, ka ɗauki hoto, ka ƙara girmansa. Lambar da ke jikin injin Omega za ta nuna kusan shekarar ƙira. Ka lura, Daura tana da En'enta daban, don haka a Katsina za ka nemi mutumin. Takardun Lardin Katsina suna Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Amma fara da dillalin: gidan wa ya samo shi? Daga nan ka gaida dattawan da iyayensu suka yi aikin En'e, ka nuna musu haruffan.