Wane soso ya dace da fiffiken jirgi mara inji?

Tambaya: Malam, karo na uku ke nan jirgina mai rimot, mara inji, yana karyewa daga tushen fiffike da zarar ya sauka da ɗan ƙarfi. Da farin soson kwalin talabijin nake yi. Wani ya ce in farke tsohon firji in ciro soson bangonsa in yanka da waya mai zafi, wai ya fi ƙwari. Asarar ta ishe ni.

Amsa: Ɗan'uwa, farin soson nan EPS ne, ƙananan ƙwayoyi da aka manne wuri ɗaya, karaya kuwa tsakaninsu take bi. Tunda har yanzu sauka kake koyo, nemi EPP, wani soso mai ƙwaya-ƙwaya shi ma, amma mai lanƙwasuwa kamar roba. Ko da ka jirgin ya daki ƙasa, lanƙwashewa zai yi ya miƙe. Mai nauyin giram 20 a lita ya isa fiffike, mai 30 ka yi hanci da shi. Aibinsa laushi, don haka dole ka tsaga shi ka binne sandar kabon tun daga wannan fiffike zuwa wancan, ka bi da salatif mai zare. Ina kyautata zaton rashin sandar nan ce ta cinye maka jirage uku. In hannunka ya faɗa, ka koma XPS, allon soso mara ƙwayoyi, shuɗi ko ruwan hoda, ya fi fitar da siffa sumul, sai dai ko farce ya taɓa shi sai ya loɓa. Wutsiya kuwa ka yi ta da Depron, siririn allon soso dangin XPS, mai kaurin milimita 6. Kada sufa gulu na gama-gari ya kusanci EPS ko XPS, cinye su yake yi.

Maganar firji kuma, ahir ɗinka! Kullum sai na ci karo da masu cewa soso duk soso ne, yawancinsu a bidiyo suka gani, ko jirgi ɗaya ba su taɓa tayarwa ba. Abin da ke bangon firji, mai ruwan ɗorawan nan, foliyuretan ne, dangin soson katifa. Ba ya narkewa yadda EPS ke yi. Waya mai zafi ƙona shi take yi, ya yi baƙi, ya tashi hayaƙi mai ɗauke da guba, wato sinadarin aisosayanet da iskar sayanaid, kai kuma ka sunkuya a kansa kana bin layi, hancinka bai fi taƙi ɗaya da wayar ba. Aisosayanet na iya bar wa mutum asma ta dindindin. Takunkumin ƙyalle ƙura yake tarewa, iskar guba ratsa shi take yi. Wanda ya ba ka shawarar ba ya nan ranar da numfashi zai sarƙe maka cikin dare. Kuma duk wannan kasadar a kan soson da marmashewa yake yi a hannu kamar busasshen burodi.

In ka tsinci soson da ba ka san asalinsa ba, ɗiga masa asiton, ruwan goge jan farce. EPS da XPS za su narke nan take. Wanda bai narke ba, kuma ba ƙwaya-ƙwaya yake kamar EPP ba, kada waya ta taɓa shi. Waɗanda suka halatta ma a waje ake yanka su, iska na kaɗawa daga bayanka.