Tambayi Injiniya: Benen mahaifinmu zai ɗauki makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Mahaifinmu ya gina bene a Fagge a 1976. Bayan rasuwarsa magada muka amince a mayar da saman makarantar Islamiyya, yara kamar 80, don ladan ya riƙa isar masa. Injiniyan da muka kira ya ce ginin zai ci gaba da ɗaukar iyali, amma ba zai sa hannu kan makaranta ba sai an yi gwaji. Ƙannena sun ce kuɗi yake nema, gidan da ya kusa shekara 50 bai ko girgiza ba me zai same shi yanzu? Ni ce babba, hankalina bai kwanta ba. Daga wata Hajiya, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya karɓi wannan niyya. Ina tare da injiniyanku, kuma zan gaya miki dalili don ki samu abin faɗa wa ƙannenki.

Maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. Ginin da ya daɗe a tsaye ya ba da shaida a kan kansa, mu ma muna sa wannan a lissafi. Sai dai shaidar ta tsaya ne kan nauyin da ya saba ɗauka. A ƙa'idar Ingila da aka daɗe ana aiki da ita a nan, ana lissafa wa ɗakin zama nauyin mutane da kaya kimanin kilo 150 a kowace murabba'in mita, ajin karatu kuwa kimanin kilo 300. Ninki biyu ke nan. Ga lokacin tashi, da yara za su taru a kan matakala da baranda gaba ɗaya. Ga tankin ruwan alwala da za a ɗora a sama: lita 1,000 tan guda ce cur a wuri ɗaya.

Babu injiniya mai tsoron Allah da zai ce miki gini ba zai taɓa faɗuwa ba. Abin da muke yi shi ne tsayar da iyaka: wane irin haɗari za a iya lamunta, na tsawon shekara nawa, kuma rai nawa ne a ƙarƙashin rufin. Ƙa'idar ƙasashen Turai tana tsara gidan zama kan shekara 50, babbar gada kan 100, tana kuma neman yiwuwar rushewar gida a cikin shekarun 50 ɗin ta gaza ɗaya cikin 10,000. Tsohon gini akan ɗan sassauta masa idan an auna shi an san halinsa, domin ƙarfafa tsoho ya fi ƙara wa sabo ƙarfi tsada nesa ba kusa ba. Ɗakin ajiye buhuna zan iya sassauta masa. Wurin da yara 80 za su zauna kullum ba zan sassauta ba ko kaɗan. Har yau ina tuna 12 ga Yuli 2024, ranar da benen wata makaranta ya rufta a Busa Buji da ke Jos, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai.

Kankare kuma yana tsufa ta ciki. Iska da danshi suna ratsa shi a hankali har su kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kankaren da ke lulluɓe da shi. Na taɓa shiga wani gida mai sabon fenti fes, na ƙwanƙwasa ƙasan dakin ɗin bayi, wato shimfiɗar kankaren bene, da guduma, sai na ji sauti kamar na ƙwarya. Ɓawo ya zubo kamar faɗin faranti, rodin ciki ya koma siriri, ina murza shi yana zuba a hannuna. Masu gidan ba su taɓa zargin komai ba, yoyon bayin ne ya yi shekaru yana cinsa.

Don haka ki bari a yi gwajin. Za a buga kankaren da na'urar auna ƙarfi, a huda a ciro ɗan guntu a kai ɗakin gwaji a matse, a sassaƙe wuri ɗaya ko biyu a ga kaurin rodi da tazararsa, a haƙa gefen fandisho a leƙa. Ki tabbatar injiniyan yana da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ki kuma nemi rahoto a rubuce mai faɗin yara nawa benen zai ɗauka da shekarar da za a sake dubawa.

Kafin nan, ki hau da kanki ki duba. Duk tsagar da kika gani a bango ko ginshiƙi, a shafa mata ɗan siminti a rubuta kwanan wata a gefe. Idan ya sake tsagewa, ginin yana motsi. Idan sakamakon bai yi daɗi ba, a sauko da makarantar ƙasa, a bar saman babu kowa har a gyara. Ki rubuto mini abin da rahoton ya ce, mu duba tare.