Tambaya da Amsa: Yara 45, Kwamfuta 3

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da aji huɗu na firamare. An ɗora mini darasin kwamfuta, har da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni. Yarana 45 ne, kwamfutocin da ke aiki 3 ne kacal, ni kuma iyakacin sanina buga takarda. Ta ina zan fara? Daga wata malamar firamare.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ta farko ita ce ki bar kwamfutocin nan a rufe har mako uku.

Ki share tsakar aji, ki zana gidaje da alli kamar na dara, ki ajiye littafi a gida guda. Ki zaɓi yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi. Umarni uku kaɗai ya sani: taku ɗaya gaba, juya dama, juya hagu. Sauran yara su rubuta a takarda duk umarnin da zai kai shi ga littafin, daga farko har ƙarshe, kafin ya motsa ƙafa. Sharaɗin wasan shi ne mutum-mutumi ba ya tunani. In takarda ta ce hagu, hagu zai juya ko da bango ne a gabansa.

Za su kuskure, kuma nan ne darasin yake. Lokacin da na fara yin wannan wasa da yara, bakina kan yi ƙaiƙayi in ce "ai dama za ku ce a layi na huɗu." Ki daure. Ki tambaye su kawai: a wane layi ya ɓace hanya? Ki bar su su bi takardar da yatsa, layi bayan layi, su yi ta musu har wani ya gano. Yaron da ya saba neman kuskurensa da kansa, ba tare da tsoron dariya ko jan biro ba, ya samu babban abin da masu rubuta manhaja ke yi a aikinsu na kullum.

A mako na biyu ki yanka kati biyar, ki ɗiga musu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. Yara biyar su riƙe a gaban aji. Katin da aka nuna 1 ne, wanda aka kife 0 ne. Ki ce su haɗa 13: za su nuna 8 da 4 da 1, kin ga 01101 ke nan, yadda kwamfuta ke ajiye lamba. Sai ki tambaye su lamba mafi girma da katunan za su iya bayarwa, ki jira har su kai 31. Wannan wasa na cikin tarin darussan CS Unplugged da Tim Bell da abokan aikinsa suka shirya a Jami'ar Canterbury ta Niyu Zilan, kuma kyauta ne.

Bayan mako ukun ki buɗe na'urorin, domin wasan alli ba zai wadatar ba har abada. Ki sa musu Scratch, manhajar da cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don 'yan shekara 8 zuwa 16. Ba a buga umarni da madannai, ana jawo su ne da linzamin kwamfuta (mouse) a liƙa kamar tubala, kuma akwai wadda ake saukewa ta yi aiki ba intanet. Aikin farko da nake so shi ne zana murabba'i: maimaita sau 4, tafi gaba taku 100, juya digiri 90. In sun iya, ki ce su zana alwatika. Kusan duk ajin za su sa 60, tunda haka suka sani a lissafi, sai zanen ya ƙi rufewa. Ki tashe su su taka alwatikar da ƙafa a ƙasa, za su ji a jikinsu cewa juyin ya fi haka faɗi, 120 ne. Dabarar tsohuwa ce. Masanin lissafi Seymour Papert da abokansa sun ƙirƙiro harshen kodin mai suna Logo tun 1967, wanda daga baya ya shahara da ɗan kunkurun da yaro ke ba umarni ya yi zane.

Batun yawa kuwa, yara 3 a kowace kwamfuta, 9 ke nan a lokaci guda, rukuni 5. Ba wanda zai zauna gaban allo sai ya nuna miki shirinsa a takarda. Ɗaya ya riƙe linzami, ɗaya ya karanta, ɗaya ya sa ido kan kuskure, su riƙa canji. Ki lura sosai, in ba ki tsara canjin ba, masu ƙarfin baki za su kankane linzamin, yara mata da masu kunya su ƙare da kallo.

Kada rashin saninki ya karya miki gwiwa. Da Ingila ta sa darasin kwamfuta a manhajar karatu tun daga yara 'yan shekara 5 a 2014, malaman aji ne suka ɗauke shi a yawancin firamare, ba ƙwararru ba. Ki riga yaran da darasi ɗaya, ya isa. Abin da nake roƙonki ki guje shi ne cika allo da sunayen sassan kwamfuta a ce yara su haddace.

Tambaya: Ɗana shekararsa 7, kullum yana manne da waya. Koya masa kodin ba zai ƙara masa ba? Daga wani uba.

Amsa: Malam, damuwarka a kan hanya take, kuma kodin ba hujjar ƙara masa lokaci ba ne. Daga cikin lokacin da ka riga ka ƙayyade masa za ka yanko. Akwai manhajar ScratchJr, wadda aka yi don 'yan shekara 5 zuwa 7. Ka zauna kusa da shi minti 20, ka ce ya sa kyanwar da ke allon ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta dawo inda ta fara, sannan ya bayyana maka da bakinsa yadda ya yi.