Tiyon birki mai saƙar waya: me yake ƙara wa babur?

Jiya muna wanke hannu ka tambaye ni: "Maigida, in aka cire tiyon roba aka sa mai saƙar waya, birki zai ƙara ƙarfi?" Na ce ka bari sai da safe, don ba amsar tsaye ba ce. To, jawo benci.

Ƙarfi dai ba ya ƙaruwa. Abin da ke tsayar da babur shi ne fad da faifan birkin da yake cizo, sai taya da ƙasa. Tiyo hanya ce kawai da man birki ke bi daga masta, wato famfon da ke jikin hannun birki, zuwa kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faifai. Amma ka samu tiyon roba da ya kwana biyu, ka riƙe shi da hagu, ka matse birki da dama, za ka ji yana ɗan kumbura a tafinka kamar jijiya. Wannan kumburin matsawar hannunka ce take zurarewa a hanya, ba ta kai ga kalifa ba. Shi ya sa mai babur zai zo yana cewa birkinsa ya yi laushi, sai ya ja har kusa da hannu kafin ya kama, musamman in ya yi zafi a gangara.

Mai saƙa kuwa, cikinsa siririn bututu ne na wata irin roba mai santsi da ake kira Teflon, an saƙa masa wayar ƙarfen da ba ya tsatsa, galibi a rufe da leda ta waje. Saƙar ce ke hana shi kumbura. Don haka abin da ka matsa shi ke isa, kuma yatsunka suna gaya maka daidai inda birki ya fara cizo. Ribar ke nan, ba ƙarama ba ce kuma. Sai dai in faɗa maka gaskiya, yawancin masu yabon sabon tiyo, rabin abin da suke yabo sabon mai ne da iskar da aka fitar. Man birki yana shan laima. Man birki mai lambar DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Littattafan kamfanoni da yawa suna cewa a sauya mai duk shekara 2, tiyon roba duk shekara 4. Wa ke yi? Saboda haka kafin ka ce wa mutum ya sayi tiyo, duba man, duba fad, duba ko fistin kalifa ya cije.

Wurin ɗaurawa ne yara irinku suke ɓarna, nan nake so ka buɗe kunne.

Tsawo tukuna. Ka ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, shokazoba ta miƙe gaba ɗaya, sannan ka auna. In ka auna yana zaune a ƙasa, ranar da ya faɗa rami ya taso, tiyon ne zai ja. Bayan ka ɗaura, juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Kada ya ɗame, kada ya goga a ko'ina. Wayar nan in ba ta da leda zarto ce, tana cin fenti, tana cin wayar wuta, har almini tana ci a hankali.

Ba a murɗa shi. Roba tana yafe maka, wannan ba ya yafewa. In bakinsa bai zauna daidai kan kalifa ba, kada ka tilasta shi da sifana, sake duba kusurwar bakin. In ya lanƙwashe ya karye a ciki, ya tashi aiki, ko da waje yana sheƙi. Kuma wannan dabi'a ta matse tiyo da filaya don kada mai ya zuba, ka bar ta a kan roba, ko a can ma ba na so.

Notin mai rami da ke riƙe bakin tiyo, zarensa iri biyu ne ake yawan samu, M10 mai 1.0 da mai 1.25, tazarar zaren ke nan a milimita. A ido kamar ɗaya suke. Na taɓa ganin wanda ya tura wanda ba shi ba cikin masta da ƙarfin tsiya, zaren alminin ya fito kamar gari, masta ta tafi. Fara ɗaurawa da yatsa, in ya ƙi shiga, tsaya. Washa ta jan ƙarfe ko almini sabuwa za ka sa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tsohuwar ta riga ta lotse. Ƙarfin ɗauri kuma na littafi za ka bi, da sifana mai awo.

Mai kuwa, wanda aka rubuta a murfin masta. DOT 3 da 4 da 5.1 dangi ne, DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Rufe tanki da tsumma, man nan yana cin fenti.

Sai fitar da iska. Iska sama take hawa, tana son laɓewa a notin da ke bakin masta. Matsa, riƙe, buɗe nonon kalifa, wato ɗan notin fitar da iska, rufe, sannan ka saki, kada kofin mai ya ƙafe. In har yanzu da laushi, ɗaure hannun birkin da roba ya kwana, da safe ka ɗan bubbuga tiyon. Babur mai ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya cijewa in an ja birki, kada ka taɓa shi ba na nan, iska in ta shiga famfonsa wani lokaci sai da na'ura take fita.

Kafin ka ba mai shi makulli, matse birki da ƙarfi na minti ɗaya, ka shafa farar takarda a kowace mahaɗa. Ko ɗigo ka gani, ka kira ni. Tashi ka ɗauko igiyar awo mu fara da wancan jan babur.